Ku Tambaya Mu Amsa: Wutar Kaka da Gobarar Rani

Tun da aka fara yankan gero wasiƙu kan wutar daji suke shigo mana daga Kebbi da Zamfara. Mun zaɓi bakwai, mun ajiye su gaban ma'aikatan gandun daji da malaman gona da ke taimaka wa wannan fili. Ga abin da suka ce.

Tambaya: Assalamu alaikum. Yayana direba ne, yana bin hanyar Kainji. Ya ce da idonsa ya ga ma'aikatan gandun daji suna cinna wa ciyawa wuta a watan Nuwamba. Na ce masa ba zai yiwu ba, mai gadi ba ya ƙona abin da aka ba shi tsaro. Mun yi musu har sai da aka raba mu. Wa ke da gaskiya? — Wani ɗalibi, Yawuri

Amsa: Wa alaikumus salam. Yayanka ya ci musun, sai ka je ka ba shi haƙuri. Abin da ya gani toyin wuri ne, wato ƙona ciyawa da wuri tun farkon rani, kuma aiki ne cikin ayyukan gandu. Haka ake yi a gandun W da ke bakin kogin Kwara can sama da Gaya ta Nijar, wanda Nijar da Benin da Burkina Faso suka raba.

Gandun Kainji, da aka samar ta haɗe dajin Borgu da na Zugurma, ya kai murabba'in kilomita 5,340. Itatuwansa doka ce da maje da kawo da baushe, ƙarƙashinsu kuma gamba da danginta, wadda in damina ta yi kyau takan shanye mutum ko ya ɗaga hannu. Daji irin wannan sai ya ci wuta, ana so ko ba a so. In mafarauci bai sa ba mai cin zuma zai sa, in shi bai sa ba guntun sigari ya isa. Abin da ya rage a hannun ma'aikaci shi ne zaɓen wata da zaɓen sa'a.

Daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba ciyawa ba ta gama bushewa ba, gindinta da sauran kore. Wutar da aka sa a lokacin harshenta ba ya wuce gwiwa zuwa ƙugu, tana tafe tana tsallake kwari da inuwa, dare na yi raɓa ta kashe ta. Sai ta bar daji dabbare-dabbare, nan baƙi can ɗanye. Gada da zomo da fakara su sami inda za su fake, ɓauna da gwanki su sami toho bayan mako biyu, wuraren da suka ƙone kuma su zama shinge ga duk wutar da za ta taso daga baya. Amma a bar wannan ciyawa zuwa Fabrairu ko Maris. Ta bushe ƙayau, itatuwa sun zubo mata ganye, danshin iska ya faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100. Wutar lokacin takan lashi rassan sama, ta kashe ƙananan itatuwa har ƙasa, ta kwana tana ci.

Ba da ka aka gane wannan ba. Turawan gandun daji sun zo da ra'ayin cewa wuta abokiyar gaba ce kawai, har sai da gwaji ya sa suka sassauta. A 1929 an keɓe filaye uku a dajin Olokemeji, tsakanin Ibadan da Abeokuta: ɗaya ana ƙona shi farkon rani, ɗaya ƙarshen rani, ɗaya ba a barin wuta ta taɓa shi. Da aka ƙirga itatuwa bayan shekara 28, wanda aka tsare ya rufe ya koma kurmi, na wutar wuri yana nan da itatuwansa, na wutar ƙarshen rani kuwa sai tsirarun masu kaurin ɓawo. An yi irin gwajin kusa da Buwake a Kodebuwa tun shekarun 1930, sakamakon bai saɓa ba. Wani zai ce to a hana wuta gaba ɗaya mana. Tsare fili ɗan ƙarami abu ne mai yiwuwa. Tsare dajin da ya kai girman ƙaramar hukuma biyu ko uku shekara da shekaru ba mai iyawa, kuma shekarar da aka kasa, ciyawar shekara uku ce za ta tashi lokaci guda.

Gandun Kruger na Afirka ta Kudu ya gwada kusan kowace dabara. Sun hana wuta, sannan daga 1957 suka koma ƙona yanki-yanki duk shekara uku, daga 1992 suka ce wutar tsawa kaɗai za a bari ta ci, ta mutane a kashe. A Satumban 2001 wata gobara ta kashe mutum 23 a gandun, galibinsu masu yankan ciyawar jinka, aka sake tsari. Da masana suka waiwayi bayanan shekarun duka, sai suka ga faɗin abin da ke ƙonewa yana bin yawan ruwan saman shekarun da suka gabata ne, ko wace doka ake bi. Ruwa ya yi yawa, ciyawa ta yi yawa, wuta ta ci da yawa. Abin da doka ta iya canzawa shi ne lokacin wutar da zafinta.

Za ka kuma ji ana kawo gandun Yellowstone na Amurka. Can, bayan gobarar 1910 da ta ci hekta wajen miliyan 1.2 cikin kwana biyu a jihohin Idaho da Montana, hukumar dazuzzukansu ta ɗauki tsauri, har a 1935 ta kafa ƙa'idar a kashe kowace wuta kafin ƙarfe goma na safiyar washegari. Yellowstone ya sassauta a 1972, ya fara barin wutar tsawa ta ci. A 1988 aka yi fari da iska, wuta ta shafi hekta sama da 320,000, kashi 36 cikin 100 na gandun, mutum wajen 25,000 suka yi ta fama, ba ta lafa ba sai da dusar ƙanƙara ta sauka ranar 11 ga Satumba. Sai dai kada a ɗauko darasinsu a dasa nan yadda yake. Dajinsu yakan yi shekara ɗari biyu ko uku kafin ya yi babbar ƙuna. Namu ciyawa ce, lissafinta na shekara-shekara ne.

Abin da ke damunmu a gida shi ne dajin Kuyambana na ƙasar Maru da gandun Kamuku na Birnin Gwari da ke jingine da shi. Toyin wuri yana son mutum ya shiga daji da ƙafa a Nuwamba. Inda rashin tsaro ya hana shiga, sai wutar Maris ta yi yadda ta ga dama.

Tambaya: Ranku ya daɗe. Bara wuta ta cinye mini dami 40 na dawa a gona, alhali na share hanya kewaye da su, faɗinta taku ɗaya da rabi. Maƙwabta sun ce hannu aka sa mini. Ni dai so nake in san inda na yi kuskure. — Wani manomi, ƙasar Zuru

Amsa: Allah Ya mayar da alheri, Baba. Maganar sa hannu mu bar wa Masani, amma taku ɗaya da rabi ba ya buƙatar maƙiyi. Iska na kaɗawa harshen wuta yake kwantawa, kuma harshen da ya kai mita biyu a tsaye zai miƙa ya taɓo ƙetaren hanyarka ba tare da ko tartsatsi ɗaya ya tashi ba. Ga kuma gutsattsarin ganye da kan gamba da ke tashi da wuta a jikinsu su faɗa gaba.

Ƙa'idar ita ce faɗin hanyar tare wuta ya ninka tsawon ciyawar da ke gefenta sau biyu zuwa uku. In kyasuwa ce iya ƙugu, mita uku ya yi. In gamba ce mai mita biyu da rabi, kada ya gaza mita takwas, goma ya fi. Mun san nome mita goma kewaye da gona da fartanya ba ƙaramin aiki ba ne, shi ya sa ake barin wuta ta yi rabin aikin. A share layi biyu, kowanne taku uku, a kankare har sai ƙasa ta fito tas. A bar taku huɗu zuwa biyar tsakaninsu. Ciyawar da aka kankaro a watsa ta tsakiya. Kada a jera ta kunya-kunya a bakin layin waje, don wannan tulin shi ke riƙe garwashi har gobe. Sannan a ƙone tsakiyar.

Ƙonawar ce ke son hankali. Ba a yinta da rana tsaka, sai bayan la'asar sakaliya, iska ta kwanta. A ɗebi ƙura a saki daga tsayin kafaɗa: in ta zube kusa da ƙafa a ci gaba, in ta yi tafiya a bari sai gobe. A fara gwadawa da ɗan wuri kamar faɗin tabarma, in harshen ya wuce ƙugu ko hayaƙi ya kwanta yana bin ƙasa, a kashe a koma gida. Ana kunnawa ne daga bakin layin da iska ke nufa, don wutar ta riƙa tafiya tana fuskantar iska, a hankali kamar mai ciwon ƙafa. Kada a kunna fiye da taku hamsin a lokaci guda. Mutum shida ne mafi ƙaranci: mai kunnawa ɗaya, masu duka biyu a kowane gefe, ɗaya a baya da ruwa yana duba abin da aka bari. A gama wannan kafin tsakiyar Nuwamba, a kuma sanar da maƙwabtan gona tun jiya.

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, saboda haka wannan kusurwar a ninka faɗinta. A sare rassan da suka yi rumfa bisa hanyar. Abin da ya fi kayar da mutane kuma shi ne a share a Nuwamba a manta. Zuwa Janairu ganyen itatuwa da karmami sun sake rufe wurin, hanya ta koma gada. A bi ta da tsintsiya ko manjagara duk mako biyu. Dammunan su ma kada a tara su wuri ɗaya, kada kuma a jingina su da itace. A kasa su biyu ko uku, taku talatin tsakani, kowane tuli da shararren fili taku bakwai kewaye da shi.

Tambaya: Mahaifina arɗo ne, shi ya sa in rubuto. Mun gāji sa wa daji wuta don shanu su sami toho, manoma kuma suna ganin mugunta ce. Shin akwai amfani ko babu? — Ɗan arɗo, ƙasar Maru. (Wani makiyayi daga Kangiwa ya aiko da irin wannan tambaya.)

Amsa: A gaishe da Arɗo. Tambayarku ɗaya, amma amsarku biyu, domin ciyawarku ba ɗaya ba ce.

Gamba da tofa saiwarsu na shekara da shekaru a ƙasa. In aka ƙone busasshen sama alhali ƙasa na da sauran laima, sai su tofo. Busasshiyar gamba a tsaye sinadarin gina jikin da ke cikinta bai fi kashi 2 zuwa 3 cikin 100 ba, saniya kuwa tana son wajen kashi 7 kafin tumbinta ya narka abin da ta ci yadda ya kamata, toho kuma ya wuce haka. Ashe iyayenku ba su yi wauta ba. Amma da sharaɗi. Kafin a kunna, a tona gefen gindin gamba zurfin tafin hannu, a dunƙula ƙasar. In ta dunƙulu da sanyi, za a ga toho. In ta warwatse, abin da zai fito daga ajiyar saiwa zai fito, ya yi kwana goma ya bushe, gindin ya raunana. Wutar Janairu da Fabrairu a kan tudu ke nan: an ƙone abincin rani, ba a sami madadinsa ba. A ganinmu kada a ƙona fiye da kashi ɗaya cikin uku na makiyaya a shekara, kada kuma a maimaita wuri ɗaya sai bayan shekara biyu ko uku. Shanu su dakata sai toho ya kai taƙi guda. In aka sake su yana ɗan leƙowa, suna bi suna gwaguya, cikin 'yan shekaru gamba ta ɓace, sabara da tafasa su gaje wurin. Wanda ke da hannun aiki, ya yanki gamba a Satumba kafin ta fid da kai ya shanya a inuwa ya yi ingirici, ya fi kowane toho auki.

Kai kuma ɗan'uwa na Kangiwa, amsarka gajeriya ce: kada ka sa. Ƙasar Arewa da Argungu, haka Zurmi da Shinkafi, ruwansu bai kai na Zuru da Ɗansadau ba, kuma ciyawarsu galibi mai shekara guda ce, karangiya da burburwa da kyasuwa. Ta mutu tun Oktoba, ba saiwar da za ta tofo. Wuta ta cinye abincin wata bakwai, ta taɓa irin da ya zube, ta bar ƙasa tsirara iska na kwasa. A ƙetaren iyaka, cikin Nijar, bayan kowace damina hanyoyin tare wuta ake shatawa a makiyaya, masu faɗin mita 15 zuwa 20, a tattara ciyawar da aka kankare a adana. Wannan ya dace da ku.

Batun kaska da ake cewa wuta na kashewa: tana kashe ta kan ciyawa, ta jikin dabba da ta cikin tsagar ƙasa suna nan, su dawo. Ba ta ɗauke wa kowa feshi.

Wani abin mamaki a gefe. An kai gamba arewacin Ostireliya a shekarun 1930 don kiwo, har yau da sunanta na Hausa suke kiranta. Da ta bazu inda ba mai yankanta ya yi zana, sai ta zame musu annoba, wutarta ta ninka ta ciyawarsu zafi har sau takwas, tana kashe manyan itatuwa.

Tambaya: Muna noman shinkafa damina da rani a fadama. Bayan casa mukan ƙone karan don mu samu mu shiga aikin rani da wuri, kuma an ce tokar taki ce. Haka ne? — Wani manomi, Argungu

Amsa: Rabin gaskiya ce, Alhaji. Tan ɗaya na karan shinkafa yana ɗauke da kilo 5 zuwa 8 na naitirojin, sinadarin da kake saye a buhun yuriya, da kilo 12 zuwa 17 na fotash. Hektar da ta ba da tan huɗu na shanshera takan bar kara kusan tan huɗu. Ka lissafa: naitirojin kilo 20 zuwa 32 ke nan, buhun yuriya mai kilo 50 kuma kilo 23 ne a cikinsa. In ka ƙone, kusan duk wannan ya bi hayaƙi. Fotash ne ke saura a toka, shi ma a inda aka tula karan kaɗai, shi ya sa kake ganin shinkafa ta yi duhu a wuri ɗaya, sauran gona fari-fari.

In za ka mayar da shi ƙasa, ka baza shi, ka ba da ruwa kaɗan, ka kafce, ka bari mako uku zuwa huɗu kafin dashe. Masu cewa sun gwada shinkafarsu ta yi rawaya, dashe suka yi a kan ɗanyen kara. Ƙwayoyin da ke ruɓar da shi suna riƙe naitirojin na ɗan lokaci, shuka ta ji yunwa. In lokaci ya ƙure, ka kwashe ka sayar wa masu turka, ko ka gyara wa naka: kilo 4 na yuriya a narka cikin lita 80 zuwa 100 na ruwa, a yayyafa wa kilo 100 na kara hawa-hawa ana tattakewa, a rufe da leda ruf mako uku, a buɗe a sha iska kwana ɗaya kafin a ba shanu da tumaki. Ban da maruƙan da ba su fara tuƙa sosai ba, ban da doki da jaki. Inda muke yarda da ƙonawa shi ne gonar da cuta ko tsutsar kara ta yi wa katutu.

Tambaya: Sana'ata man kaɗe da daddawa. Na lura shekarar da wuta ta bi dajinmu a makare, kaɗanya da ɗorawa ba sa yin 'ya'ya sosai. Idona ne ko haka abin yake? — Wata uwa, Sakaba

Amsa: Idonki bai yi ƙarya ba, Inna. Dukansu biyu cikin rani suke fure, kaɗanya tun tsakiyar ɗari, ɗorawa kuma ta sako jajayen furanninta masu kama da tuntu wajen Fabrairu da Maris. Ɓawon kaɗanya mai kauri ne, uwar ba ta cika mutuwa ba, amma hucin wuta kaɗai ya isa ya zubar da fure. Ƙudan zuma ne ke yi wa kaɗanya barbara, jemage kuma ɗorawa, saboda haka wanda ya ƙone gidan zuma a kogon itace ya rage miki ƙwarya ko bai sani ba.

Ku haɗa gayya kafin ƙarshen Nuwamba, ku share ƙarƙashin kowace uwa har taku uku bayan inda inuwarta ta tsaya. Kada a tara kara a gindinta a ƙona, wannan ko babba yana kashewa. Sai ƙananan. Ɗan kaɗanya in wuta ta cinye kansa yakan sake tofowa daga ƙasa, shi ya sa za ki ga wanda ya shekara goma bai wuce gwiwa ba, kullum ana mayar da shi baya. A share masa taku biyu kewaye, shekara huɗu ko biyar a jere, har kansa ya wuce inda harshen wuta ke kaiwa. Itacen da ke ɗaukar shekara 15 zuwa 20 kafin ya fara haihuwa bai kamata a bar shi yana maimaita shekarar farko ba.

Tambaya: In wuta ta taso, duk gari muke fita da ganye, kowa na ihu, kowa na ba da umarni. Bara yara biyu suka ƙone a ƙafa. Yaya za mu tsara kanmu? — Shugaban matasa, ƙasar Gummi

Amsa: Allah Ya ba su lafiya. Abu na farko, murya ɗaya. A zaɓi mutum guda tun kafin rani, a ba shi usur, a kuma sa wani a kan tudu ko itace wanda aikinsa kallon iska kawai, ba ya duka. A ƙirga waɗanda suka fita, a sake ƙirgawa in an dawo. Yara su tsaya ɗaukar ruwa a baya.

Wuta tana da kai, inda iska ke tura ta, da gefe biyu, da wutsiya. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ruga a tari kan. A fara daga wutsiya, a rabu biyu, a bi gefuna ana matse ta har kan ya tsuke. Kowa ya riƙa aiki ƙafarsa ɗaya a inda ya riga ya ƙone, don nan ne mafaka in iska ta juya. Ma'auni kuma mai sauƙi ne: harshen da bai wuce mita 1.2 ba, wato ƙirjin babba, ana iya dukansa da hannu. Ya wuce haka, a ja da baya zuwa hanyar mota, rafi ko gonar da aka kafce, a jira ta can. Tarbar wuta da wuta dabara ce ta gaske, amma mutum ɗaya ne zai ba da izini, daga bakin shararriyar hanya, bayan an tabbatar ba kowa tsakanin wutar biyu. In kowa ya kunna tasa, an kewaye juna ke nan. A wuri mai tudu kada a tsaya sama da ita. Gudunta yana ninkawa da kowane ƙarin digiri goma na hawa, mutum kuwa nasa raguwa yake yi. Wanda ta biyo kada ya yi tsere da ita cikin ciyawa, ya ratsa gefe.

Ga mutum goma sha biyu, a tanadi mabugi takwas, famfon goyo biyu, fartanya, manjagara da adda, da jarkoki a kan babur ko amalanke. Ɗanyen reshen dogon yaro yana aiki amma minti kaɗan ya bushe ya kama da kansa. Wanda ya fi shi: faffaɗar roba daga tsohuwar taya ko bel, taƙi biyu tsawo, a ɗaure a sanda mai mita biyu. Ba a ɗaga shi sama a maka, wannan fifita ne, yana watsa tartsatsi. A gicciye ake shafawa, ana tura garwashi cikin baƙin wuri. Mai famfo ya nufi gindin harshen, mai mabugi na bin sa. Cokali ɗaya na garin sabulu a cikin lita 16 yana sa ruwan ya kama ciyawa. In famfon maganin ciyawa ne, a wanke shi da sabulu sau uku tukuna. Tufafi na auduga, dogon hannu, da rufaffen takalmi. Rigar ƙwallo da silifas narkewa suke yi su manne a fata, kuma muna kyautata zaton abin da ya sami yaranku ke nan.

Harshe ya mutu ba a gama ba. Kututture, busasshen kashin shanu da kogon itace suna riƙe wuta kwana biyu, iskar hantsi ta tashe su. A bi bakin ƙunar taku ashirin ciki, a farfasa, a binne da ƙasa, a bar mutum biyu su kwana, a sake dubawa da azahar.

Wanda ya ƙone, a zuba wa wurin ruwa mai tsabta, mai sanyin randa, minti 20 ba ƙaƙƙautawa. Ban da ƙanƙara, ban da manja, man goge baki, ɗanyen ƙwai ko toka. A cire zobe da agogo kafin kumburi, kada a ɓamɓare tufar da ta manne, kada a fasa bororo. A rufe da tsabtataccen ƙyalle. In ƙunar ta fi tafin hannunsa, ko tana fuska, hannu, gaɓa ko al'aura, ko yaro ne, ko muryarsa ta dishe don hayaƙi, asibiti kai tsaye.

Tambaya: Samari na cinna wa daji wuta don gafiya da zomo, masu cin zuma su ma haka. Akwai doka a kansu? — Wani mai unguwa, Bunguɗu

Amsa: Akwai, ranka ya daɗe. Hukumar NESREA ta tarayya, mai kula da muhalli, tana da ƙa'idojin 2011 da suka hana ƙona daji ba da izini ba, dokar gandayen ƙasa ta 1999 ta hana kowa sa wuta cikin gandu sai da izini, ɓarnar dukiyar wani da wuta kuma laifi ne da kotu ke hukuntawa. Liman ma yana da abin faɗa, don ya zo a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya ga gidan tururuwa da aka ƙone ya yi hani, ya nuna azaba da wuta ta Ubangijin wuta ce.

Sai dai wanda ya kunna ba ya tsayawa a gan shi, shi ya sa yarjejeniyar gari ta fi takarda aiki. A zauna gaban uban ƙasa da arɗo da sarkin dawa, a yanke rana, misali tsakiyar Disamba, wadda bayanta ba mai sa wuta a daji ko gona. A yi shela a kasuwa da masallacin Juma'a, a faɗi tarar tun kafin a kama kowa, a kuma amince cewa ƙungiyar farautar da aka gani a wurin ita za ta amsa. Masu zuma kuwa hayaƙi suke bukata, ba harshen wuta ba. Gwangwanin madara babba da aka huda gindinsa, aka sa masa marfi da mariƙin waya, a cika shi da busasshen kashin shanu, zai ba su hayaƙin da ya ishe su amya uku. In sun gama su tona rami taƙi guda, su juye garwashin, su rufe da ƙasa su taka.